Ɓarin Kan Auta

Magariba ta kawo jiki, Inna na naɗe yadin da ta gama yankawa, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin ɗinki. Ta ɗaga kai. Na biyu ya biyo baya, ya gangaro a hankali, ya tsaya cak bai kai ƙasa ba.

Auta, 'yarta mai shekara sha tara, ko motsi ba ta yi ba. Tun safe take sunkuye kan zare da allura, taga a rufe saboda hayaniyar titi, ƙwan fitila ɗaya yana ci dishi-dishi. Wata uku ke nan ɓarin kanta na hagu yake sara mata kullum da yamma. Ƙwayar ciwon kai ta zame mata kamar alawa, biyu da safe, biyu da rana, har ta daina yi mata aiki.

Kwana bakwai ana jifa, kullum a daidai wannan lokaci. Maƙwabta suka hau katanga, ba su ga kowa ba. A rana ta takwas Auta ta ajiye allura, ta juyo a hankali, ta yi magana da muryar wani ƙato.

"Kashe fitilar nan."

Inna ta lalubo tocila, ta kunna, ta ƙara a kan fitilar.

"A gidana? Ba a kashewa."

Ta leƙa ta roƙi maƙwabciya ta kira Gwaggo, yayar mahaifin Auta, malama mai karatu wadda ta yi shekaru tana aikin jinya. Da Gwaggo ta shigo, taga ta fara buɗewa. Sannan ta zauna, ta dafa goshin yarinyar, ta soma karatu. Ɗakin ya yi tsit, sai muryarta. Can jikin Auta ya ɗauki rawa.

"Ya isa, tsohuwa, kina ƙona ni!"

"Me ya kawo ka?" in ji Gwaggo.

"A buɗe na same ta. Ba ci, ba sha, ba barci. Kango na gani na shiga."

"To masu gida sun dawo. Fita."

Muryar ta yi ƙasa, ta koma lallashi. "Ku bar mini ɓari ɗaya, na hagun. Na daina jifa."

"A'a."

"To daga magariba zuwa isha kawai."

Inna ta matso har numfashinsa na dukan fuskarta. "Ko tsinin allura ba za ka samu ba. Ni na haifi kan nan, na san wuyar da na sha."

Gwaggo ta ɗaga murya da karatu. Sai leɓen Auta ya motsa, wata 'yar siririyar murya ta kutso ta ƙarƙashin tasa, tata ta gaske.

"Kaina ne. Fita."

Ta yi atishawa uku masu ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Labulen taga ya kaɗa sau ɗaya, ya kwanta.

Da ta farfaɗo ta ce, "Gwaggo, har yanzu yana ɗan sara mini."

"Wannan ba nasa ba ne, naku ne ke da uwarki." Gwaggo ta ba ta ruwa kofi biyu, ta jiƙa tsumma ta ɗora mata a goshi, ta kwashe ƙwayoyin ta zuba a jaka. "Ki ci abinci a kan lokaci, ki riƙa miƙe wuyan nan, ki yi barci. In ya ƙi sauka, ko ido ya fara yi miki hazo, asibiti za mu, ba wajena ba."

Inna ta sunkuyar da kai. Ita ce mai karɓar ɗinki fiye da ƙarfin hannu huɗu.

Washegari da hantsi wata mata ta zo da faɗa, rigarta take so, biki jibi.

Inna ta tare ƙofa. "Mai ɗinkin tana barci."

"To a tashe ta mana!"

"Baiwar Allah," in ji Inna, "jiya wanda ya fi ki murya ya nemi rabin kan yarinyar nan, na hana shi. Ki dawo gobe da yamma."