Takalmi a Bakin Ƙofa

Inna tana zaune a falo da yamma, ta miƙe ƙafarta mai ciwo a kan filo, sai ta ji matar ɗanta ta dawo daga aiki. Ta ji an cire takalmi an ajiye a waje. Yarinyar ta shigo da safa kawai, ta yi sallama can ƙasan maƙoshi, ta wuce banɗaki kanta a sunkuye. Ba sannu da gida, ba ya ƙafa. Inna ta bi ta da kallo har ƙofa ta rufe, ta ce a ranta, to, ta sake.

Yarinyar nan ma'aikaciyar jinya ce a motar gaggawa, wadda yara ke ce wa ambulan. Direba na gaba yana neman hanya, ita tana baya da maras lafiya. Mijinta tela ne, shagonsa na bakin titi. Shi ya raɗa mata Jiniya, don tun suna saurayi da budurwa kafin ta karyo kwana yake jin muryarta. Son da yake mata kuwa ba a ɓoye yake ba. Shi ke goge mata yunifom, shi ya ƙara mata aljihu a gefen wando don almakashi da safar hannu.

Inna ta zo jinyar gwiwa ne, kuma ba za ta ce an rage ta da komai ba. Galibi Jiniya da dariya take shigowa, ta durƙusa ta gaishe ta, ta murza mata ƙafa tana zuba kamar rediyo. Amma akwai ranakun da za ta wuce ta kamar ta ga kujera. Inna ta ɗauka wannan raini ne. Ta zaunar da ɗanta ta faɗa masa ba kwana-kwana: aikin nan ya kumbura wa matarsa kai, kafin ƙafar ita Inna ta warke ta koma gida, ko yarinyar ta ajiye aiki, ko shi ya sallame ta. In ya ƙi duka biyun, kada ya ƙara taka mata ƙofa.

Tela ya ba ta haƙuri, ya ce akwai dalili. Ta ce ya faɗa. Ya ƙi, don Jiniya ta roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, ba ta son a riƙa kallonta da tausayi.

Ga dalilin. Tun farkon aurensu, ranar da maras lafiya ya cika a hannunta kafin a kai asibiti, Jiniya ta kasa shigowa da takalmin da ta taka motar da shi, ta bar shi a waje. Daga nan ya zama magana tsakaninsu. In tela ya dawo ya ga bakin ƙofa wayam, ya shigo da tsokana. In ya ga takalmi, ba ya tambayar komai. Ya ɗora buta, ya haɗa mata shayi, ya zauna kusa da ita har sai ta ga damar magana.

Ranar nan Inna ta dogara sanda ta leƙa waje, ta ga takalmin. Ta yi tsaki, ta ce mace har mace amma takalmi ya gagare ta ɗauka. Ta goge shi tas da tsumma, don ita ƙazanta ce ba ta iya gani, ta shigo da shi ta jera a kan kantar takalma tana mita.

Can sai ga tela. Ya duba bakin ƙofa, babu komai. Ya shigo yana kwaikwayon kukan jiniya da baki, ya gaida uwarsa, ya tarar da matarsa ta fito ta zauna a gefen kujera.

"A ba da hanya, ga likitan bayan mota," in ji shi. "Madam, yau mutum nawa aka kai lafiya? Ko duk surutunki ne ya farfaɗo da su?"

Jiniya ta ɗago ta dube shi. Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda mutum ya daɗe yana dannewa.

"Na ajiye maka takalmi," ta ce. "Na ajiye, ba ka gani ba?"

Tela ya juya, idonsa ya sauka a kan kantar takalma. Ga takalmi yana ƙyalli. Ya dubi uwarsa, ya durƙusa a gaban matarsa ya riƙe hannunta yana cewa ta yafe masa.

Cikin kuka ta ba da labari. Wani dattijo ne suka ɗauko, numfashi na yanke masa. Suka faɗa cunkoson motoci, direba ya kunna jiniya har ta gaji, wasu ko gezau. Ita kuwa ta sa masa iska, ta danna ƙirji har hannunta ya mutu. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta jawo matarsa kusa, ta haɗa hannunsu, ta ce ta yi masa magana, yana ji. A haka ya cika, suna hangen asibiti.

Inna ta daina motsi. Ita ma nata mijin a hanya ya rasu, a bayan motar haya, kansa a cinyarta. Babu wanda ya san abin yi, babu wanda ya ce mata yana ji. Ihu kawai ta yi ta yi wa direba har aka isa.

"Ke kika ce mata ta yi masa magana?" ta tambaya.

"Ni ce, Inna."

"Ta yi?"

"Ta yi. Har ya matse mata hannu."

Inna ba mai ba da haƙuri da baki ba ce, kuma ba ranar za ta fara ba. Ta miƙe da sandarta, ta ɗauki takalmin daga kan kantar, ta buɗe ƙofa ta mayar da shi daidai inda ta same shi. Sannan ta dubi ɗanta.

"Kai kuma ka tsaya kana kallona? Me kake yi mata in ka gan shi?"

"Shayi, Inna."

"Zauna. Shayinka ruwa ne."

Ita ta shiga kicin da ɗingishinta. Ta kawo kofi ta sa a hannun yarinyar, ta zauna a gefenta, ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗa. Maganar ajiye aiki ba ta ƙara fitowa daga bakinta ba. Ƙafa ta warke, ta ƙi tafiya da wuri, wai gidan yana buƙatar babba.

Ku da kuke jin jiniya kuna toshe kunne, ku kauce ku ba da hanya, akwai 'yar wani a bayan motar nan tana kokawa da ran wani. In ta koma gida kuma, a can ma akwai masu aikin da ba a ba su yunifom ba. Kada ku yanke wa mutum hukunci da shirunsa kafin ku san abin da ya ɗauko. Tela ya yi haƙuri da uwarsa, ya riƙe amanar matarsa, ga shi bai rasa ko ɗaya ba.

Yanzu in yamma ta yi, Inna ce ke fara leƙa bakin ƙofa. In babu komai, ta ce wa Jiniya ta cika surutu. In da takalmi, ta ɗora buta.