Tayoyin Yaya Babba

Auta ta share falo ta sake sharewa, ta zauna ta miƙe, zuciyarta ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Umma ta kira waya har ta gaji, maganar kuma ɗaya ce: ta haɗa kayanta ta dawo gida, tunda mijinta ya raina musu arziki.

Kuma duk a kan taya! Mijin nata mai haƙa rijiyar burtsatse ne, kullum yana daji cikin tsohuwar jif ɗinsa mai jan ƙafa huɗu, wadda tayoyinta suka suɗe kamar tafin hannu. Yaya Babba, wanta mai shagon taya, ya ga haka ya aiko masa da sababbi fil guda huɗu, masu sheƙi, irin na manyan motocin gari. Gogan naka ya duba ya ga na kwalta ne zalla, ba za su hau dutse ba balle su fita daga taɓo. Maimakon ya buɗe baki ya yi bayani, sai ya lodo su ya jibge a ƙofar shagon ya yi gaba. Wai nauyin Yaya yake ji. Ina amfanin kunyar da ta fi zagi ciwo?

Da ya dawo ta tare shi tun daga bakin ƙofa.

"Haba maigida, kyautar yayana za ka mayar kamar kayan aro?"

Ya rantse mata ba raini ba ne. Shi masu zurfin haƙora yake buƙata, masu kaurin gefe, waɗanda za su ci kwalta su ci daji. In ya sa waɗancan, ranar da ruwa ya sauka a jeji zai kwana. Ta ce to ya je ya faɗa wa Yaya haka mana. Ya sosa ƙeya, ya ce da wane idon?

Auta ta sha kuka. Tana son mijinta kamar ranta, Yaya kuma shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Da safe ta wanke fuska, ta bar akwatinta inda yake, ta nufi shago.

Yaya na tsakiyar tulin tayoyi, ko ɗaga kai bai yi ba. Ya tambaye ta ko mai girman kan ne ya aiko ta. Ta durƙusa nan kan siminti, warin roba na hawa mata kai.

"Yaya, ba shi ya aiko ni ba. Duk ranar da ya fita, abinci ba ya wuce min wuya sai na ji ƙarar motar nan a ƙofa. Ka zaɓa min tayar da za ta riƙa dawo min da shi."

Yaya ya ja tsaki, ya hau tsani yana mita, wai mutum da gemunsa ya kasa cewa ga irin hanyar da yake bi. Ya gangaro da wasu baƙaƙe masu haƙora, ya duba shekarar da aka yi su, ya cusa yatsa cikin ramukan, ya ture ɗaya don ba ta yi daidai da sauran ba.

"Ki ce masa ya kawo akwalar da kansa. Ya taho da bakinsa kuma."

Mijin ya zo kuwa, ya tsuguna ya ba da haƙuri, gumi na tsiyaya. Yaya ya wanke shi tas, sannan ya amsa nasa laifin: mai kyauta ya fara tambayar buƙata, wanda aka ba kuma ya san baki ba ado ba ne. Lallai mai haƙuri shi kan dafa dutse. Da Auta ta bi zuciya, da auren ya mutu a kan roba.

Yaya da hannunsa ya ɗaure noti na ƙarshe, ya daki tayar da ƙafa, ya juya baya don kada a ga idonsa.

"Ƙanwata ce ke jiran motar nan," in ji shi. "Kada ka sake ka bar ta tana jira."