Na Juya Kiran Inna

Mahaifiyata, Inna Asama'u, ita ce ungozomar ƙauyenmu, nan gefen dam ɗin Watari. Wayarta ba ta hutawa, ita ma ba ta hutawa, ga hawan jini ga ciwon gwiwa. Ni kuma ma'aikaciyar lafiya ce a Bagwai, ina ɗauke da cikina na fari bayan dogon jira. Na yi mata magana ta rage aiki har bakina ya gaji. Kullum amsarta ɗaya: "Raudatu, akwai gidan da ba a ce musu a'a." Na ɗauka gidan mai gari take nufi.

Wata ranar Juma'a tana alwala na ɗauki wayarta, na danna lambobin da mijina Tasi'u ya koya min, na juya duk kiran da zai shigo mata zuwa tawa. Tsohuwa ta samu barci, ni na ɗauki aikin. Har yau in aka ce laifi na yi, sai na yi musu.

Ranar da abin ya faru, mai babur ya sauke ni a mararraba dab da magariba, na kama hanyar gida a ƙafa. Sai waya ta yi ƙara. Babu lamba a jiki.

"Inna, naƙuda ta tashi." Muryar namiji ce, ƙasa-ƙasa. Bai yi sallama ba.

Na ce, "Inna tana hutawa. 'Yarta ce, ni ma aikina ne."

Sai ya ce:

"To. Bi bakin kanal. Za ki ga fitila."

Na bi hanyar ruwan da ke ratsa gonakin rani. Ƙamshin ganyen tumatir, ƙugin injin ban-ruwa daga nesa, kwaɗi sun cika wuri da kuka. Aka kira salla a ƙauye, na ji ta can baya kamar daga cikin rijiya. Na ce in na isa gidan mai naƙudar na yi sallar a can.

Sai kwaɗin suka yi tsit, gaba ɗaya.

Ga fitila. Ga dangar kara da bukka ɗaya, a daidai wurin da na san gonar albasar Malam Mika'ilu ce. Na ce wa kaina 'yan ci-rani ne suka sauka.

Cikin bukkar akwai warin jiƙaƙƙiyar toka. Mai naƙuda na durƙushe, ta juya min baya, ba nishi ba salati. Wata tsohuwa na zaune a gefe, doguwa, kanta ya kusa taɓa jinka alhali a zaune take. Na sa safar hannu na yi bisimilla. Tsohuwar ta ja tsaki.

Kafin a jima ɗa ya faɗo hannuna. Sanyi ƙalau, ga nauyi kamar dutsen niƙa. Bai yi kuka ba. Ya buɗe ido ya kalli cikina.

Tsohuwar ta ce a hankali, "Wata nawa?"

Matan ƙauyenmu ba sa faɗin watan ciki ko ga uwarsu, kunya suke ji. Ni kuwa na saba da tambayar a asibiti, kullum ni ke yi wa wasu ita. Bakina ya riga ni.

"Bakwai."

Ta miƙo hannu daga inda take zaune, ba ta motsa ba, hannun ya iso. Ta dafa cikina. Abin da ke ciki, da ya wuni yana shuri, ya tsaya cak.

"Kin yi mana biki," in ji ta. "Mu ba ma cin bikin mutum mu ƙi ramawa. Ranar naki za mu kira mu ji inda kike. Mu za mu karɓa."

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Inna ce. Da ƙyar na danna.

"Ajiye musu ɗansu," ta ce da raɗa. "Kada ki sha ruwansu. Fito da baya, kina Ayatul Kursiyyu. Kada ki waiwaya."

Na ajiye. Na ja da baya. Harshena ya yi nauyi, ayar tana fita guntu-guntu. Ƙafata ta zame, na faɗa ruwan kanal har ƙugu.

Da na ɗago, babu fitila. Albasa ce kawai, jere-jere.

Inna na tsaye a ƙofar gida da sandarta. Maƙwabciya ce ta gaya mata cewa ta kira wayarta amma ni na ɗauka, nan ta gane abin da na yi. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

"Sai da na daina haihuwa na fara zuwar musu," ta ce. "Don kada su sami abin ramawa. Kin faɗa musu watan?"

Na sunkuyar da kai. Ta dafa cikina tana addu'a har ya motsa, sannan na fashe da kuka. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ba don kaina ba.

"Wannan abin da kika yi wa wayata," ta ce, "ana iya yin sa ta ɗaya gefen?"

Na ce ana iyawa.

"To cire nawa. Juya naki ya dawo kaina."

Na ƙi. Ta ce, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Na danna lambobin.

Naƙuda ta kama ni wata ranar Talata da la'asar, Tasi'u ya kai ni asibitinmu. Inna na zaune a bakin gado tana shafa min baya. Ana kiran magariba wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ɗauka.

"Na'am. Haihuwar tana wajena. Ku jira ni a bakin kanal."

Ta gyara mayafi, ta ɗauki sandarta. Na riƙe mata zane, ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

"Ki yi nishi da kyau, kada ki ba ni kunya," ta ce, ta fita.

Kafin isha'i na haifi 'ya mace, lafiyayya, mai kuka kamar za ta tsaga ɗaki. Da safe masu ban-ruwa suka sami Inna zaune a gefen gonar albasa, ta jingina da kunyar gonar, sandarta a cinya. Rai ya yi halinsa.

Yarinya ta ci sunan Inna. Wayar Inna tana cikin akwatina, na cire batirin. Layina kuwa ban cire juyin ba, kuma ba zan cire ba. Sabon layi na saya.

Kwanaki Tasi'u ya manta ya kira tsohuwar lambata daga kasuwar Shanono. Ya dawo gida bai iya cin tuwo ba. Sai da na matsa masa ya ce an ɗauka.

Na ce, "Wa?"

"Inna," ya ce. "Cewa ta yi ba kya nan, kuma kada a sake nemanki."