Tauraron Da Faruk Bai Sata Ba

"Miƙo mani takalmina! Yau sai na ga Jibo ido da ido!"

Almakashi ya suɓuce daga hannun Sakina. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa jin mahaifinta Malam Yahaya ya ɗaga murya haka ba, mutumin da ko akuya ta ci masa tabarma sai dai ya ce Allah ya shirye ta. Ta fito da sauri daga ɗakin ɗinkinta. Yana tsaye a tsakar gida riƙe da zangarniyar gero wadda aka tattake, duk ta yi dama-dama da ƙasa.

"Baba, lahiya? Mi ya hwaru?"

"Shanun Jibo sun shiga gonata ta hanyar Tabla. Rabin gona, Sakina! Geron da ko yanka ba a yi ba!"



Duk ƙasar Kurfai babu wanda bai san ƙa'idar ba. Saniya ba ta taka gona sai an girbe, an kwashe damma, an yi shelar sakin gonaki. Kafin wannan rana, sawun kofato ɗaya ya isa ya tsinka zumuncin shekaru. Jibo kuwa ba kowa ba ne illa mahaifin Isma'ila, saurayin da magabatansa suka zo neman aurenta, aka ce su dakata sai bayan kaka.

"Kuma shi wanda kike so ɗin ne mai tsaron garke," in ji Baba. "Shina bisa tudu shina danna salula, shanu na cin guminmu!"

"Ni shaida ne, Kawu."

Sai yanzu ta lura da Faruk jingine da bango. Ɗan Gwaggo Ummul ne, taubashinta, mai shagon cajin salula a bakin kasuwar Filinge. Bara ya ce yana son ta, ta ɗauka wasan taubasai ne ta kwashe da dariya. Shi bai yi dariyar ba.

"Tare munka yi wasa jiya da la'asar, mu huɗu," ya ci gaba da murya mai sanyi. "Tun hwarko har ƙarshe bai sauka ba. Ga ta nan, a tambaye ta."

Baba ya juyo gare ta.

"Gaskiya ne?"

Ta sunkuyar da kai, don gaskiya ne. Abin da ya fi ci mata rai, ita ce ta kira shi wasan.

Wasan taurari suke ce masa. Mutum huɗu ke bugawa, kowa da salularsa daga inda yake, kowa da ɗan mutum-mutuminsa irin zanen Japan, masu manyan idanu da gashi kala-kala. Ana zagaya wani allo, a tsaya a yi ƙananan gasa: tsallen igiya, kamun kifi, gudu a kan gada mai karyewa, tseren kwale-kwale biyu-biyu. Wanda ya fi tara taurari shi ne gwani. Ta Sakina mai shuɗin gashi ce, ta ƙawarta Jamila mai kunnen mage, na Faruk mai jar alkyabba. Isma'ila ya zaɓi wani ɗan zomo mai hula, wai shi ya fi kama da mai haƙuri. A wannan wasa suka saba, a cikinsa ya fara sakar mata hanya a kan gada har ta gane nufinsa. Matsalar ɗaya ce, rugarsu ba rezo, wato layin salula ba ya kamawa, sai ya rufe garke ya hau tudu.

Ƙarar babura ta fara taruwa a ƙofar gida. Ta jiyo muryar wanta Ibrah yana cewa a ɗebo sanduna.

Ta koma ɗaki ta kira Isma'ila. Kiran bai shiga ba. Ta sake, ta sake. Can sai ga kiransa ya shigo, iska na kaɗawa a bayan muryarsa.

"Sakinata..."

"Isma'ila, suna tahe! Ibrah ya tara samari. Don Allah ka gudu!"

"In na gudu na amsa laifin ke nan. Kuma wa zan bar wa Baffa da tsufansa?"

"To ya anka yi shanun sunka hita?"

"Wallahi da hannuna na ja ƙaya na rufe, na ɗora gungume a kai. Saniya ba ta ɗaga gungume, abar raina. Hannun mutum ne."

"Ni na jawo maka... da ban kira ka ba..."

"Kul! Kada ki ƙara faɗin haka. Ko yau kika kira ni, tudun nan zan hau. Ke dai ki..."

Layin ya yanke.

Ta zauna a bakin gado tana kuka mara sauti. Tsoro ne ya cika ta. Ba ta san lokacin da yatsanta ya buɗe wasan ba. Allon jiya ya bayyana, ga ɗan zomo a sama yana tsalle da kambi a kansa. Jiya har guɗa ta yi, don Isma'ila bai taɓa zama na ɗaya ba tunda suka fara.

Ta tsaya cak.

Me ya sa bai taɓa ci ba? Ai ba don bai iya ba ne. Akwai wata baƙar tsuntsuwa a allon, wanda ya taka gidanta sai ya aike ta ta sato tauraron wanda ya ga dama. Faruk kuwa ko Isma'ila ne na ƙarshe, ko tauraro ɗaya tak ya rage masa, wurinsa yake aika ta. Ya gwammace ya faɗi wasa da ya bar ɗan zomo ya sha iska.

Amma jiya?

Ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa Jamila kira. Jamila ta shigo da kumfar wanki a hannu.

"Jamila, jiya wa Faruk ya aika wa tsuntsuwa?"

"Ni mana! Har na ce mi na yi mashi. Daga baya kuma ke."

"Kin ji muryarshi?"

"A'a. Ai ya ce shago ya cika da mutane, ya rufe magana tun hwarko."

"Ranar da kika aje salula kika tahi sauke tukunya, wa ya ci gaba da buga maki?"

"Na'ura mana. In mutum ya daɗe bai taɓa ba, ita ka karɓa, sunanka na nan kamar kana..." Jamila ta dafe baki. "Innalillahi!"

"Na'ura ba ta ƙin kowa, Jamila. Shi ya sa. Ba Faruk ya buga jiya ba, aje salula ya yi ya tahi."

"To wa zai yarda? Ki ce wa Baba ɗan tsana bai yi mugunta ba?"

Sakina ta share hawaye ta ja hijabinta.

"Ba ni zan faɗa ba. Shi zai faɗa da bakinshi. Biyo ni."

Ƙofar gida cike take da maza. Wasu sun ɗaure sanduna a bayan babura, wani na gwada kaifin adda da babban yatsa. Ba a saba ganin budurwa ta ratso irin wannan taro ba, don haka surutu ya ɗauke. Baba ya haɗe gira. Ita kuwa ta nufi Faruk da ɗan murmushi, irin na masu tsokanar juna tun ƙuruciya.

"Taubashi, kai ma hwa da naka laihin."

"Ni? Mi na yi?"

"Da ba ka kihe mashi kwale-kwale ba jiya, da bai nace sai ya rama ba. Da ya sauka da wuri ya ga shanunshi."

Faruk ya dubi samarin ya yi dariya. Daɗi ya kama shi, ga shi ita da kanta ta juya wa ɗan ruga baya a gaban jama'a.

"Yo ni na ce shi nace? Na kihe shi, kuma gobe ma in kihe shi! Har tsuntsuwa na aika ta kwashe mashi taurari tas, kamar kullum!"

"Kamar kullum," in ji Sakina a hankali.

Murmushin ya bar fuskarta.

"Baba, jiya shi da Isma'ila kwale-kwale guda anka sa su. Tare sunka tuƙa, tare sunka ci mu. Tsuntsuwa kuwa ko sau ɗaya ba ta je wurinshi ba. Ga Jamila."

"Wallahi haka ne, Baba," in ji Jamila. "Ni ya sata. In mutum ya aje salula ya tahi, na'ura ka buga mashi."

Malam Yahaya bai san kan wasan nan ba, bai ma taɓa son sa ba. Amma ya san wanda ya je wuri ba ya ba da labarin abin da ba a yi ba. Ya juya a hankali.

"Faruk. Ina kake jiya da la'asar?"

"Kawu, shago nike... na manta ne, wasannin da yawa..."

"Ba ka shago," wani saurayi mai suna Nafi'u ya faɗa daga kan babur. "Na zo karɓar salulata na iske ƙofa kulle, baburinka ba ya nan. Da ka dawo ƙaya duk ta kama maka wando."

Idanun Faruk suka kaɗa suka yi ja.

"Kawu, ni jininka ne! Ina zaune za ka ɗauki ɗiyarka ka ba mai bin shanu?"

Baba ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa.

"Gerona ka zubar don wannan? Ka so a zubar da jini don wannan?" Sai ya waiga firgigit. "Ina Ibrah?"

"Sun yi gaba shi da wasu tun ɗazu," in ji Nafi'u.

Sakina ta matsa kusa da mahaifinta. Baba ya tayar da baburinsa, ya dube ta sau ɗaya.

"Hau."

Ba ta ga hanya ba, ba ta ga gonakin da suke wucewa ba. Addu'a ɗaya take maimaitawa har bakinta ya bushe. Tun daga nesa suka hango babura a yashe, shanu sun takure wuri ɗaya suna kuka.

Isma'ila na tsaye a bakin garke, ya kare tsohon mahaifinsa da jikinsa. Sandarsa na ƙasa, shi ya ajiye ta da kansa. Jini na bin goshinsa yana sauka a kan riga. Ibrah ya sake ɗaga tasa sandar sama.

"Isma'ila!"

A gaban mahaifinta ta kira sunan da ƙarfi, kunya ko ɗaya ba ta zo mata ba.

"Ibrah, aje ta!" Baba ya daka tsawa. "Aje ta, ɗan'uwanka ne ya buɗe garken! Faruk ne!"

Sandar ta tsaya a sama. Ibrah ya dubi ubansa, ya dubi jinin, sannan ta faɗo daga hannunsa kamar ta ƙona shi.

Sakina ta durƙusa inda Isma'ila ya sulale ya zauna, ta danna gefen hijabinta a kan raunin.

"Mi ya sa ba ka kare kanka ba? Mi ya sa?"

Ya yi murmushin ƙarfin hali.

"Yayanki ne, Sakinata. Da wane ido zan dube ki in na ɗaga masa sanda?"

Malam Yahaya ya cire hularsa ya matsa gaban Jibo. Tsohon ya dafa kafaɗar ɗansa.

"Jibo, ɓarnar daga gidana ta hito, ta koma gidana. Ka gahwarce mu. In anka saki gonaki, karan gonata na shanunka ne, bana da baɗi. Kuma ka turo mutanenka, ba sai an jira komi ba."

Jibo ya dubi jinin da ke rigar ɗansa.

"Da ka makara kaɗan, Malam, da gawa za ka ba ɗiyarka," ya ce. Sannan ya miƙa masa hannu.

An ɗaura aure sati biyu bayan shelar sakin gonaki. Faruk ya rufe shago ya shiga motar Yamai tun kafin ranar, Gwaggo Ummul ba ta zo biki ba, kuma har yau ba ta taka gidan wanta. Raunin ya warke ya bar tabo daga gira zuwa gashi, wanda Sakina ke shafawa duk sanda ta tuna ranar.

Wasan kuwa sai da mutum huɗu. Da farko na'ura suka bar wa gurbin, amma Sakina ta kasa jure ganin mai jar alkyabba yana ɗaga mata hannu yana murmushi. Isma'ila da kansa ya je har gida ya roƙi Ibrah ya cike gurbin.

Ibrah ya iya wasa, kuma ba ya son faɗuwa. Amma duk sanda ya taka gidan baƙar tsuntsuwa, ko Isma'ila ne ke kan gaba da taurari jibge, sai a ga tsuntsuwar ta tsaya tana jira, can ta juya ta nufi mai shuɗin gashi.

"Yaya Ibrah, ni kuma? Ni ce ta ƙarshe hwa!"

Ba ya amsawa. Su ma ba su taɓa tambayarsa dalili ba.