Kunyoyin Kefas

A kasuwar Zuru Kefas ya fara ganin Saloma. Tana gasa masara, tana karanta wa gawayi Turanci da ƙarfi. A tafin hannunta ta rubuta wasu kalmomi da biro.

"Da wa kike magana?" ya tambaya.

"Da jarrabawa. Ta kayar da ni bara. Wannan Turancin mai ɓoye nufinsa ne ya hana ni shiga makarantar jinya."

Kefas a barikin soja aka haife shi, can Ikko. Bayan rasuwar mahaifinsa ya dawo gida da uwarsa. Turanci ya zauna a bakinsa, amma bai taɓa riƙe fartanya ba.

Ya zauna kan dutse, ya duba hannun nata. "Give up, wato sarewa. Ki san ta don jarrabawa, amma kada ki faɗe ta a kanki."

Daga ranar ya zama Malamina, ita kuma Salo.

Da maganar Kefas na son aurenta ta kai kunnen Dodo, mahaifinta, sai ya ɗaure fuska. Ga Godswill, ƙaƙƙarfan manomi, ya daɗe yana kai gaisuwar neman aurenta.

"Ɗan Ikko," in ji Dodo, "mu nan mai son ɗiya noma yake yi wa ubanta. Golmo ke nan. Shekaru na yi kafin a ba ni uwarta. Kai damina guda zan ba ka."

"Na ji, Baba."

Ya shiga gona a gindin tsauni. Kunyoyinsa suka fito a karkace kamar sawun maciji. Godswill yakan tsaya da babur ya yi ihu, "Malam, yi wa ciyawar Turanci mana!"

Hannayen Kefas suka tsage, suka yi ruwa. Wata rana da azahar ya kwanta ƙarƙashin ɗorawa, ya tura wa Saloma saƙo:

"Salo, na kasa. Ki yafe mini."

Amsa ta zo nan da nan:

"Malamina, akwai kalmar da ka hana ni faɗa a kaina. Ni ma na hana ka. Tashi, ina tafe da kunu da man kaɗanya."

Ya tashi.

Kaka ta yi, Saloma ta ci jarrabawa. Dodo ya zaga gonar, sannan ya kamo hannayen Kefas, ya juya su, ya daɗe yana kallon kantar da ta fito.

"Ban taɓa ganin mummunan noma irin wannan ba," ya ce. "Amma ba ka gudu ba. Turo manyanka."

Aka ɗaura aure a coci bayan an zuba dawa a rumbu. Dodo ya dafa kawunansu. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai haƙuri."

Har yanzu Kefas ke nome gonar nan ta gindin tsauni, kunyoyin kuma ba su miƙe ba. Dodo ya hana kowa gyara su.