Ɗan Haya a Allon Unguwa

Ranar da ta fara ganinsa, ƙafafunsa kawai ta gani. Yana kwance ƙarƙashin famfon ɗakin taron unguwa yana ɗaure bututu, ita kuma ta shigo rungume da kwali cike da tsofaffin mujallu, ƙyallaye da gwangwanin gam. Ta yi tuntuɓe da takalminsa, kaya suka watse.

"Malam, ƙafafun nan naka ne, ko aro ka yi?"

Ya zaro kansa yana dariya. "Nawa ne. In sun yi laifi a hukunta su."

Ya tsince mata kayan tas, ya miƙa mata almakashinta da hannu biyu. Daga ranar ya raɗa mata Mai Almakashi. Da ta ji ɗaki ɗaya yake haya a bayan shagon tela, ita ma ta rama da Ɗan Haya.

Malamar zane ce a firamare, kuma kwamitin unguwa ya ɗora mata aiki. Za a yi ƙaton allo a bangon ɗakin taro, a zana taswirar unguwa a kai. Kowane gida ya liƙa abin da ke nuna shi a daidai wurinsa, hoto ko ƙyalle ko guntun kwali. In an gama, kowa ya dawo ya liƙa abin da yake so unguwar ta zama gobe.

Famfo dai ya gyaru tun ranar farko, amma mai gyaran bai daina zuwa duba shi ba. Yana riƙe mata tsani, yana dama gam, yana jin tsiyarta. Kan ta ankara, in bai zo ba almakashin ma nauyi yake yi mata. Son shi take, kuma ba ta tsaya yi wa zuciyarta gardama ba.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Mai Almakashina, kin yanke ni daga cikin samari, saura ki liƙa ni inda ya dace. Zan turo kawuna wurin Baba."

Ta amsa: "Turo shi, Ɗan Hayana. Amma ka sani gam ɗina ba ya ɓallewa."

Baba, mahaifinta, shi ne shugaban kwamitin, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya san kowace ƙofa a unguwar. Ya karɓi kawun da mutunci, ya sallame shi hannu wofi.

"Baƙo raɓa ne," ya ce mata bayan tafiyarsa. "Yayarki ma ɗan haya na ba. Yau ina take? Jikokina a waya nake ganinsu. Ba zan sake ba."

"Baba, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba."

"Ga yaron babban gidan kwanar nan yana sonki. A nan aka haifi ubansa. Wanda ke da tushe ba ya tashi."

Mama ta yi mata ido ta yi shiru. Ta yi shirun, amma a ranta ta ƙudura ba za ta saki Ɗan Haya ba, kuma ba za ta yi aure da fushin mahaifinta ba. Dukansu biyun take so ta riƙe.

Ana cikin haka, wata rana tana dawowa daga makaranta ta hango a-kori-kura a ƙofar ɗakinsa, an ɗora katifa da akwatin kayan aiki. Maganar Baba ta dawo mata tiryan-tiryan. Ta rubuta masa: "Ashe raɓar ce. Allah ya kiyaye hanya."

Ta kashe wayar, ta tafi ɗakin taro ta zauna tana yanka takardun da ba ta da buƙatarsu, hawaye na ɗiga a kai.

Sai ga shi a bakin ƙofa, duk ya yi gumi.

"Mai gidan ne ya sayar da gidan," ya ce. "An samar min ɗaki mai kyau a can ƙetaren gari, na ƙi. Na koma ɗan ɗakin ajiyar mai wanki, layi biyu daga gidanku. In na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa."

"Ƙafafun nan naka dai ba sa jin magana." Ta share ido tana dariya. "Ka yafe min."

"Na yafe, Mai Almakashina. Amma kar ki sake yi min addu'ar hanya."

Aka shiga zangon liƙa gobe. Mata suka liƙa asibiti, yara suka liƙa filin ƙwallo. Yaron babban gida ya zo da motarsa da ƙaton hoton kantin zamani mai hawa-hawa da ya yanko daga kalanda, ya shafa gam, ya manna a tsakiyar allon ya tafi. Ta duba wurin, ta kai hannu za ta ɓare, sai ta fasa. Ai ƙa'idar ita ce kowa ya liƙa gobensa, kuma gani ya kori ji.

Ana gobe buɗe allon ta je ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ban zo roƙo ba. Kai ne shugaba, ka zo ka duba aikin kafin jama'a su gani."

Ya sa tabarau ya bi ta. Ya daɗe yana bin layuka da yatsa, yana kiran gidaje, yana murmushi. Da ya iso layinsu sai yatsan ya tsaya.

"Ina gidana?"

"Yana ƙarƙashin kantin nan, Baba. Da gidan mai wanki, da bishiyar da kuke zama."

"Wa ya liƙa?"

Ta faɗa masa. Baba ya matsa kusa, sai ya lura da wasu siraran zare na shuɗiyar takarda da suka ratsa allon gaba ɗaya. Sun bi kowane lungu, sun kai kowace ƙofa, kuma duk inda suka tarar da hoton wani sai su kewaye shi. Ko gefen ƙyallen tela ba su rufe ba.

"Wannan fa?"

"Ruwan famfo ne, Baba," in ji wata murya daga baya. Ɗan Haya ne, ya rusuna a bakin ƙofa. "Fatana ke nan, kowane gida ya samu."

Baba ya bi wani zare da yatsa har ya ƙare a wani ɗan fili fari kusa da layinsu, inda babu komai.

"Nan ka ja ruwa, alhali babu gida."

"Ba ni da gida tukuna. Amma in Allah ya ba ni, a nan nake so. Shi ya sa na fara kai ruwan."

Tsohon ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya sa farce ya ɗaga gefen kantin a hankali, ya mayar da shi can bakin titi inda ba ya danne kowa. Gidansa ya fito, da ɗan tabon gam a rufin.

"Ba ni almakashin nan," ya ce wa 'yarsa.

Ya yanko 'yar ƙofa daga guntun kwali, a karkace, don bai iya ba. Ya shafa gam ya manna ta a farin filin, ya danne da babban yatsa.

"Ka ce wa kawunka ya dawo."

Aka ɗaura aure bayan hutun makaranta, unguwa ta cika maƙil, har Yaya ta zo da yaranta. Mama ta rungume amarya tana sa albarka: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Ɗakin haya suka tare, mai ɗan faɗi wannan karon, kuma daga tagarsa ana hango bishiyar da Baba ke zama.

Har yau Ɗan Haya take kiransa. Amma in Baba ya ji sai ya ɗaga sanda ya ce, "Ke, gyara bakinki. Ni na liƙa masa ƙofa da hannuna."