Dashen Lemon Baba

Jakar da ke hannun Inna ce ta fara faɗuwa ƙasa, sannan muryarta ta biyo baya.

"Auta! Ina lemon mahaifinku?"

Amarya na tsaye a ƙofar kicin da murmushin da ta tanada tun safe, nan take ya daskare mata a fuska. Inna, uwar mijinta, ta kwana biyu a gidan babbar 'yarta tana ganin likita, a wannan tsakanin ne Amarya ta juye tsakar gidan kaf. Tsara filin gida shi ta karanta, shi ne kuma sana'arta, ga shi gidan da aka kawo ta da an yi ruwa sai ya koma tafki. Ta sa an cike kwarin, an gangarar da ƙasa zuwa magudana, an zuba tsakuwa a hanyar da ta tashi daga ƙofa zuwa ɗakuna, ga ciyawa a gefe, ga furanni jikin katanga.

Sai lemon. Marigayi Baba ne ya dasa shi da hannunsa a jikin bangon ɗakin Inna, daidai inda ruwa ke kwanciya. Saiwarsa ta tsaga bango, ganyensa ya soma rawaya. Amarya ta sa aka haƙo shi da ƙasarsa aka mayar da shi tudu, aka datse rassan, aka zage ganyen, don saiwar da aka yanke ba za ta iya ciyar da su ba. Haka aikin yake. Sai dai abin da ya rage a tsaye bai fi turken awaki kyan gani ba.

"Ga shi can, Inna," Amarya ta ce a hankali. "Dasa shi aka yi, zai..."

"Wannan? Wannan itacen girkin?" Inna ta dafe ƙirji. "Wa ya ba ki izini?"

Amarya ta juya ta kalli mijinta, Auta. Shi ne ya ce mata ta bar masa Inna, shi zai faɗa mata a waya. Shi ne ma ya dawo ya ce an gama magana, Inna ta sa albarka. Yanzu kuwa gogan naka ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota, kai ka ce yau ya fara ganinsa.

Yaya, babbar 'yar Inna da ta rako ta, ta tafa hannu.

"Ai na faɗa! Garin neman gira an rasa ido. Yarinya ko shekara ba ta rufa ba, ta tuge uban gida! Da siminti aka malale wurin kowa ya huta."

Inna ta ƙarasa gaban kututturen tana shafa shi, hawaye na bin kuncinta. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi komai tsorata Amarya.

"Ranar da ya tabbata iccen nan ya mutu, gidan nan ba zai ɗauke mu mu biyu ba. Ko ke, ko ni."

Suna shiga ɗaki Amarya ta fashe da kuka.

"Ka ce ka faɗa mata!"

"Sori, don Allah. Na so in faɗa, na ga ba ta da lafiya, na ce bari ta dawo ta ga kyan wurin..."

"Shi ne ka bar ni a rana? Kana tsaye ana yankana ka kasa cewa uffan?"

"Ki ba ni lokaci, zan gyara."

Kalmar fallasa na bakinta, da ta fita ta faɗa da ta wanke kanta tas. Amma ta san uwar da ta ji ɗanta ya yi ƙarya da sunanta ba ƙaramin ciwo za ta ji ba, ga hawan jini. Ta haɗiye, tana jin haushinsa tana kuma son abinta, duk a zuciya ɗaya.

Gidan ya zama ba daɗi. Ta gaishe da Inna, Inna ta amsa wa bango. Ta kai abinci, a dawo da shi a rufe. Kullum da safe sai ta je ta kankare ɓawon lemon da farce, ta ga kore a ciki, ta yi ajiyar zuciya. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Ita da ƙa'ida take ba shi ruwa, amma kullum sai ta tarar da gindinsa caɓa-caɓa. Lemo kuwa ba abin da ke ruɓar masa da saiwa kamar kwanciyar ruwa, balle sabon dashe. Ta duba fayif, ba ya yoyo.

Wata safiya ta yi sammako, sai ga Inna duƙe a gindin iccen da ƙaton bokiti, tana tuttula masa tana magana ƙasa-ƙasa.

"Sha, ka ji? Kada kai ma ka tafi ka bar ni."

Sai a lokacin Amarya ta gane. Ita ta auna gangara, ta auna rana da inuwa, ta manta ba ta tambayi abin da iccen yake a wurin mai shi ba. Ta matsa ta durƙusa.

"Inna, ki gafarce ni. Ko da an ce min kin yarda, ya kamata in ji daga bakinki. Amma don girman Allah ki rage ruwan nan. Shi zai kashe shi."

Inna ta miƙe a fusace.

"Au! Ni ce ma zan kashe shi? Tun ba a haife ki ba nake ba iccen nan ruwa!"

"A da yana da ganyen da zai sha, Inna. Yanzu ba shi da shi. Ki tura yatsa a ƙasar, in kin ji damshi ki ƙyale shi."

Inna ta ja tsaki, ta sure bokitinta ta wuce. Amarya ta zauna a wurin ta yi kuka mai isarta, ta tabbata ta ƙara wa wuta fetur.

Amma washegari ƙasar ba ta jiƙe ba. Ranar da ta biyo ma haka. Amarya ta leƙa ta taga ta hango tsohuwa ta waiga hagu ta waiga dama, ta tura yatsa a gindin lemon, ta goge a zani. Amarya ta bar tagar. Ta sa kafinta ya gyara tsohon bencin Baba da aka jefar a bayan ɗaki, ta ajiye shi kusa da iccen. Ba wanda ya gode mata, amma Inna ta koma zama a kai. Daga baya ma Inna ta rataya wani tsohon kwando a reshe ɗaya, ta kafa doka kada wanda ya taɓa mata shi.

Makonni suka shuɗe, kututture na nan jiya i yau. Ita kanta Amarya ta fara shakka, har ta soma ninke kayanta a akwati a ɓoye.

Ranar da abin ya zo ƙarshe, Yaya ce ta yi sallama da mai saran itace a bayanta, gatari a kafaɗa.

"Inna, ganin mushen nan shi ke tayar miki da ciwo. A sare shi yau, ita kuma ta san inda dare ya yi mata!"

Amarya ta ruga ta tsaya a gaban iccen.

"Yaya, don Allah ki ƙara masa lokaci. Da ransa!"

"Matsa ko in matsar da ke!"

"Ba mai taɓa ta."

Auta ne. Ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da matarsa.

"Inna, laifina ne. Ta ce in nemi izininki kafin a sa diga a ƙasa, na ce mata kin yarda, alhali ban faɗa miki ba. Ta rufa min asiri tana shan zagi. In korar ce, ni za a kora."

Yaya ta saki baki. Inna ta kalli ɗanta, sannan ta taso daga kan benci a hankali.

"Kai mai gatari, sauke abin nan, ba gawa a gidana."

Ta miƙa hannu ta cire kwandon. A ƙarƙashinsa ga toho nan, 'yan ganye ƙanana kore shar, sun fasa ɓawo sun fito.

"Inna!" Amarya ta toshe baki. "Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Na rufe shi ne saboda tsuntsaye." Ta kawar da kai. "Da kuma kunyar idonki."

Amarya ta zube a gabanta tana kuka, Inna ta ɗago ta ta share mata fuska da gefen mayafi.

"Tashi, 'yata. Ke ma dashe ce, daga wani gida aka ciro ki aka kawo mana, muka hana ki sakat." Ta harari Auta. "Kai kuwa zan gamu da kai."

"To ni wa zai biya mai gatarin?" in ji Yaya, murya ta yi laushi.

"Wadda ta ɗauko shi," Inna ta ce.

Aure da dashe duk haƙuri suke so. Wanda ya ga icce ba ganye ya yi saurin ɗauko gatari, shi zai rasa inuwa, kuma gyara komai kyansa sai an nemi yardar masu wuri. Damina na zagayowa ruwa ya bi magudana ya wuce abinsa, bangon Inna ya bushe, lemo ya yi fure. Har yau in Amarya ta ɗauko tiyo za ta ba shi ruwa, sai Inna ta daka mata tsawa daga kan benci.

"Ke! Kin tura yatsa tukuna?"